DARASI: DOKA TA TAKWAS DA DOKA TA TARA A LOKACIN ZAƁE

'Yan'uwa cikin Ubangiji, kafin a shiga darasin nan a buɗe Littafi Mai Tsarki a karanta Fitowa 20:15-16, da 1 Sarakuna sura 21 dukanta, da Kubawar Shari'a 19:15-21. Idan a cikin taro a ke, mutum uku su raba karatun.

Cikin dokoki goma da Allah ya ba Musa, doka ta takwas ta hana sata, ta tara kuwa ta hana shaidar zur a kan maƙwabci. Allah ya jera su kafaɗa da kafaɗa, gama wanda ya ɗauke wa mutum dukiya da wanda ya ɓata masa suna da ƙarya, dukansu sun raba shi da abin da ke nasa. Amma duk sa'ad da zaɓe ya kusato, mu kan ga an raba dokokin nan biyu. Kowace jam'iyya ta kan ɗauki doka ta takwas kamar kulki ta bugi abokan hamayyarta, tana cewa ɓarayi ne. Doka ta tara kuwa a tattake ta a rediyo, da jarida, da talabijin, da wayar hannu. Mai bin Yesu yana tsakiyar wannan hayaniya da ƙuri'arsa a hannu, da bakinsa kuma. Abin da mu ke so mu koya a wannan wata shi ne yadda zai riƙe dokokin nan biyu tare, kada ya saki ɗaya domin ya kama ɗaya.

1. GONAR NABOTH

Sarki Ahab ya yi ƙyashin gonar inabi ta Naboth, mutumin Jezreel, gama tana kusa da fadarsa. Naboth ya ƙi sayarwa domin gadon kakanninsa ce. Jezebel matar sarki ta ce a bar mata maganar. Sai mu lura da hanyar da ta bi, gama har yau ana bin ta.

Da fari ta rubuta wasiƙu da sunan sarki, ta buga hatiminsa. Ikon da aka ba sarki domin ya tsare talaka, da shi aka ci talaka. Na biyu, ta ce a yi shelar azumi. Mutane suka taru suna tsammani sha'anin Allah ne ya tara su. Na uku, ta sa aka nemo 'yan iska biyu su tsaya shaida. Ta san shari'ar Musa tana neman shaidu biyu, saboda haka ta cika lissafin shari'a, amma ta kashe gaskiyar da shari'a ta ke tsaro. Na huɗu, ta zaɓi zargin da zai tafasa zuciyar jama'a nan da nan, watau wai Naboth ya zagi Allah da sarki. Ba wanda ya tsaya ya yi tambaya. Aka fitar da shi bayan gari aka jajjefe shi, Ahab kuwa ya gangara ya mallaki gonar.

Su wane ne suka yi jifan? Jezebel tana fada, hannunta bai taɓa dutse ba. Mutanen garin Naboth ne, maƙwabtansa, waɗanda suka san shi tun yana yaro. Da yawa cikinsu sun koma gida ran nan suna murna sun rama wa sunan Allah, ba su sani ba sun yi wa ɓarawo aiki kyauta. Wannan shi ne abin tsoro ga masu ibada. Mai ƙage ya san mutumin kirki ba zai ɗauki dutse saboda gonar inabi ba, amma zai ɗauka idan aka ce masa an zagi Allahnsa.

2. ABIN DA IDANUNMU SUKA GANI A 2015

Ba sai mun tafi wata ƙasa neman misali ba. Zaɓen shugaban ƙasa na Nijeriya na 2015, tsakanin Shugaba Goodluck Jonathan na PDP da Janar Muhammadu Buhari na APC, ya ishe mu makaranta. Ba domin mu ɗaga ɗaya mu kā da ɗaya mu ke ambatonsa ba. Zaɓen ya wuce, yanzu muna iya dubansa da sanyin zuciya.

A watan Janairu na shekarar, gwamnan Ekiti na lokacin, Ayo Fayose, ya sa talla a shafin farko na waɗansu manyan jaridu. Aka jera hotunan Murtala Muhammed, da Sani Abacha, da Umaru Musa 'Yar'aduwa, shugabanni uku da suka mutu a kan mulki a 1976 da 1998 da 2010. Kusa da su aka sa hoton Buhari, mai shekara 72, da alamar tambaya. Aka kuma ɗauko Kubawar Shari'a 30:19, inda Musa ya sa rai da mutuwa a gaban Isra'ila ya ce su zaɓi rai, aka manna a tallar. To, wanda ya karanta surar ya san Musa yana magana ne a kan ƙaunar Ubangiji da biyayya gare shi. Ba ya maganar ɗan takara ko jam'iyya. Haka Shaiɗan ya yi a Matta sura 4, ya ɗauko Zabura 91 domin ya sa Yesu ya faɗo daga kan haikali. Aya ta gaskiya ce, aikin da aka sa ta na ƙarya ne. Buhari ya yi jinya mai tsawo a Ingila a 2017, amma ya cika shekara takwas a kan mulki, ya sauka a 2023, ya rasu a watan Yuli na 2025. Ranar mutuwar mutum tana hannun Allah, ba a ba gwamna ko fasto saninta ba.

A watan Maris na 2015 kuma gidan talabijin na AIT ya nuna wani shiri mai ɗora wa Bola Tinubu, jigon APC a lokacin, laifofi masu nauyi. Tinubu ya kai ƙara. A 2016 gidan talabijin ɗin ya janye maganar ya nemi gafara. Amma zaɓe ya riga ya wuce da kusan shekara guda. Magana zarar bunu ce. 

A 2018 jaridun Ingila suka tona cewa wani attajirin Nijeriya ya yi hayar wani kamfani mai suna Cambridge Analytica domin ya yi aiki gāba da Buhari a zaɓen 2015. Cikin kayan aikin har da wani bidiyo cike da hotunan kisa da jini, mai nuna wai idan Buhari ya ci za a ɗora wa ƙasa duka shari'ar Musulunci da takobi. Wani tsohon ma'aikacin kamfanin ya miƙa bidiyon ga majalisar dokokin Ingila. Jaridun ba su ce Jonathan ya san da wannan aiki ba, mu ma kada mu ce. Amma mu tambayi kanmu, zuciyar wa aka yi niyyar tsoratarwa da wannan bidiyo? Tamu ce. Tsoronmu kuwa yana da dalili: an sace 'yan matan Chibok a watan Afrilu na 2014, a watan Oktoba na shekarar kuma Boko Haram suka kama hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Kwarhi. Waɗansu baƙi da ba su taɓa binne ko ɗaya daga cikin matattunmu ba suka ɗauki hawayenmu suka mai da shi kayan ciniki.

Ɗaya gefen ma ba su tsira daga doka ta tara ba. An zagi Jonathan zagi iri iri, har aka yi ta baza jita-jita a kasuwanni da tashoshin mota wai shi ne ya ke ɗaure wa Boko Haram gindi domin a rage mutanen Arewa. A watan Janairu na 2015 aka jefi motocin ayarinsa da duwatsu a Katsina da Bauchi. Ga duwatsun Jezreel sun sake fitowa. Wannan mutum kuwa shi ne ya buga wa Buhari waya ran 31 ga Maris ya amince an kā da shi, tun ba a gama shelar sakamako ba.

Mun san inda irin wannan magana ta kan kai ƙasa. Bayan zaɓen 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙidaya mutum fiye da 800 da aka kashe cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa, Kirista da Musulmi. Aka ƙone majami'u da masallatai. Tunawa da wannan ne ya sa 'yan takara suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja ran 14 ga Janairu 2015, a gaban Kofi Annan da Emeka Anyaoku.

3. AMMA SATA TANA NAN

Kada wani ya ce, tun da shi ke akwai yarfe a siyasa, ashe duk zargin sata yarfe ne. Wanda ya faɗi haka ya kama doka ta tara ya saki ta takwas. A 1 Sama'ila sura 8 dattawan Isra'ila suka zo wurin Sama'ila suka ce 'ya'yansa ba su bin halinsa. Gaskiya suka faɗa: Littafi da kansa ya shaida Joel da Abijah sun karɓi hanci sun karkatar da shari'a. Kasancewarsu 'ya'yan annabi bai wanke su ba. Iliya kuma bai yi shiru a kan gonar Naboth ba, ya je ya sami Ahab a cikinta ya faɗa masa laifinsa ido da ido. Faɗin laifin da ya tabbata aikin annabawa ne.

A 2013 gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya rubuta wa shugaban ƙasa cewa kamfanin mai na ƙasa, NNPC, bai zuba dala biliyan 49.8 a baitulmali ba. Biliyan ɗaya miliyan dubu ke nan. Bayan an zauna an yi lissafi, a watan Fabrairu na 2014 ya gaya wa majalisar dattawa kuɗin dala biliyan 20 ne. A cikin watan nan aka dakatar da shi daga aiki. Masu binciken kuɗi na kamfanin PwC da gwamnati ta ɗauka suka ce akwai aƙalla dala biliyan 1.48 da ya kamata a mayar. Ga lissafi uku. Masu yaƙin neman zaɓe na wannan gefe suka riƙe babban, na wancan gefe suka ce ba abin da ya ɓace. Mai gaskiya kuwa sai ya faɗi ukun duka, da sunan wanda ya faɗi kowanne.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zafi a gare mu. A watan Mayu na 2018 babbar kotun Abuja ta ɗaure tsohon gwamnan Taraba, Jolly Nyame, shekara 14 a kan kuɗin jiha naira biliyan 1.64. Shi kuwa Rabaran ne. A watan Yuni ta ɗaure tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, shekara 14 a kan naira biliyan 1.16 na kuɗin da aka ware domin gyaran ƙasar da ta lalace. Da suka ɗaukaka ƙara aka rage wa Nyame zuwa shekara 12, Dariye zuwa 10, amma har Kotun Ƙoli laifin bai tashi daga kansu ba. A 2022 gwamnati ta yi musu afuwa suka fito. Mutanen nan daga jihohin da ekklesiyoyinmu suka fi yawa su ke. Ba mu ambace su domin mu ƙara musu kunya ba, gama ƙofar tuba a buɗe ta ke gare su kamar yadda ta ke gare mu. Mun ambace su domin mu tuna sunan Kirista a katin zaɓe ba shi ne shaidar riƙon amana ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ekklesiyar da ta ke da murya a kan satar Musulmi, amma ta zama bebiya a kan satar ɗanta, tana riƙe da mudu biyu, Misalai 20:10 kuwa ta ce wannan abin ƙyama ne ga Ubangiji.

Wani lokaci kuma shari'a ta kan saki wanda jama'a suka riga suka yanke masa hukunci. A 2017 aka sallami sakataren gwamnatin tarayya, Babachir Lawal, a kan maganar kwangilar sare ciyawa a yankin Arewa maso Gabas. A 2022 kotu ta sallame shi, ta ce masu ƙara ba su kawo shaidar da za ta sa ya kāre kansa ba. Wanda ya ba da labarin 2017 ya kamata ya ba da na 2022 kuma.

4. MA'AUNI HUƊU

Yaya mai bi zai rarrabe tsakanin Iliya da shaidun Jezebel, tun da shi ke dukansu zargi su ke yi? Maganar Allah ta ba mu ma'auni.

Na ɗaya, wane ne ya faɗa, ya kuma yarda a san shi? Iliya ya tsaya da fuskarsa da sunansa, ya sa ransa cikin hatsari. Jezebel ta ɓuya bayan hatimin wani. Saƙon da ya shigo waya ba suna, ba rana, ba wuri, sai dai a ce a tura wa mutum goma, ɗan'uwan wasiƙar Jezebel ne. Sojojin baka da mu ke ji a rediyo kuma, mu tambaya wa ya biya kuɗin filin da su ke magana a ciki.

Na biyu, an bincika? Kubawar Shari'a 19 ba ta tsaya a kan shaidu biyu ko uku kaɗai ba, ta umarci alƙalai su bi diddigin maganar sosai, idan kuwa shaida ya yi ƙarya a yi masa abin da ya so a yi wa ɗan'uwansa. Saboda haka mu koyi bambanta kalmomi uku: an zarge shi, an kai shi gaban shari'a, an same shi da laifi. Tsakanin ta fari da ta ukun akwai tafiya mai nisa.

Na uku, an ji ta bakin wanda a ke zargi? Misalai 18:17 ta koya mana wanda ya fara kawo ƙara ya kan zama kamar shi ne mai gaskiya, sai abokin shari'arsa ya zo ya yi masa tambayoyi. Nikodimu ya tuna wa 'yan majalisa wannan a Yohanna 7:51, suka yi masa ba'a. Mu ma za a yi mana ba'a, a ce an saye mu. Mu jimre.

Na huɗu, maganar tana kan aikin mutum ne, ko a kan kabilarsa, da addininsa, da tsufansa, da ciwonsa? Idan an ce gwamna ya karɓi kuɗin asibiti bai gina ba, ana iya zuwa a duba filin, gani ya kori ji. Amma idan an ce kada a zaɓe shi domin mutanensu duk haka su ke, ba abin da za a duba, ƙiyayya ce kawai a ke shukawa. Absalom ya tsaya a ƙofar birni yana gaya wa kowane mai ƙara maganarsa daidai ce, sai dai sarki bai sa mai jinta ba. Da haka ya sace zuciyar Isra'ila, ƙarshen abin kuwa mutum 20,000 suka mutu a kurmin Ifraimu, shi ma a cikinsu.

5. ABIN DA YA WAJABA GA EKKLESIYA

Fitowa 23:1 ta hana ɗaukar labarin ƙarya a kai gaba, ba ƙirƙirarsa kaɗai ba. Wanda ya danna waya ya tura ƙage ga zumuntar mata ko ƙungiyar matasa ya zama shaida na biyu da Jezebel ta ke nema. Cewa haka na same shi ba za ta fisshe shi a ranar shari'a ba. Idan kuwa mutum ya tura abu, daga baya ya gane ƙarya ne, sai ya koma wurin mutanen da ya tura wa ya warware da bakinsa.

Bagade wurin Maganar Allah ne. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana yaƙin neman zaɓe a wuraren sujada, ta kuma hana kalmomin zagi masu taɓa addini da kabila. Abin kunya ne a ce sai Kaisar ya koya wa ekklesiya tsarkin ɗakin Ubangiji. Ɗan takara ya zo sujada, a marabce shi, ya zauna ya ji wa'azi kamar kowa.

Dattawa su yi hankali da kyautar lokacin zaɓe, ko kwanon rufi ce, ko mota, ko ambulan. Fitowa 23:8 ta ce hanci ya kan makantar da masu gani. Faston da ya ci ba zai iya zama Natan a gaban Dawuda ba, gama baki ya ci, ido ya ji kunya. Haka kuma wanda ya sayar da ƙuri'arsa a kan taliya da sabulu ya sa hannu cikin satar da za a yi domin a mai da kuɗin.

Sa'ad da sojoji suka tambayi Yohanna Mai Baftisma abin da za su yi, ya haɗa musu dokokin nan biyu cikin amsa ɗaya, watau kada su ƙwace na kowa, kada su yi wa kowa ƙage, su kuma gamsu da albashinsu (Luka 3:14). Ubangijinmu da kansa da kuɗin hanci aka bashe shi, da shaidun zur aka kai shi giciye, da kuɗi kuma aka sayi bakin masu tsaron kabari. Mu da aka fanshe mu da jininsa, ba shi yiwuwa mu ga ana irin wannan aiki mu sa hannu, ko a kan maƙiyinmu ne. Mu faɗi gaskiya a kan sata ko ɓarawon ɗan ɗakinmu ne, mu ƙi ƙarya ko za ta ba ɗan takararmu nasara. Mu kuma yi addu'a domin masu mulki duka, kamar yadda 1 Timothawus 2:1-2 ta umarta, har da wanda ba mu zaɓa ba.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Cikin labarin Naboth, mene ne laifin Ahab, da na Jezebel, da na dattawa, da na jama'a? Wanne ne ya fi kusa da mu?
2. Me ya sa Jezebel ta yi shelar azumi kafin a kawo zargi?
3. Ina bambanci tsakanin maganar Iliya ga Ahab da maganar Absalom a ƙofar birni?
4. Idan ɗan ekklesiyarmu mai riƙe da muƙami ya ci amanar jama'a, kuma abin ya tabbata, me dattawa za su yi bisa ga Matta 18:15-17?
5. Idan saƙo ya shigo wayarka yana ɓata ɗan takarar da ba ka so, waɗanne tambayoyi za ka yi kafin ka gaya wa wani?

Ayar haddacewa ta wannan wata ita ce Afisawa 4:25.

ADDU'A

Ya Ubangiji Allah na gaskiya, kai ne ka ga jinin Naboth sa'ad da ba mai gani. Ka tsare hannuwanmu daga abin da ba namu ba, ka tsare harsunanmu daga ƙage. Ka ba ƙasarmu shugabanni masu tsoronka, masu ƙin haramtacciyar riba. Ka ba ekklesiyarka mudu ɗaya domin na gida da na waje. Cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Amin.